Rubutun da Ya Kai Nomau Bencin Baya

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, na mayar da tabarmin da aka aro, sai yanzu na samu sukunin ba da labarin jinyar maigidana Nomau. Ƙarfi dai babu shi. Har yau nakan zauna tsintar wake in iske hannuna ya tsaya cikin faifai, ban san tun yaushe ba. Amma abin da ya same mu yana iya faɗa wa kowane gida irin namu, inda wasu ke zuwa masallaci wasu majami'a, jini kuwa ɗaya. Shi ya sa na ce gara in faɗa tun ina tune.

Sunana Rahila. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Cadakori, kuma mu Kirista ne. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta laka da rufin kwano, idan wani bai zo ba kowa ya san bencin da ya yi fili. Nomau shi kaɗai ne Kirista a ɗakinsu, tun yana saurayi ya bi. Wansa, wanda muke kira Yaya Idi, malami ne a wajen Sae Sabuwa, shi ya rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Bai taɓa jin daɗin hanyar da ƙanensa ya ɗauka ba, amma bai yanke shi ba. Layyarsu sai naman ya zo mana, Kirsimatinmu sai tuwon ya je musu.

Ciwon ya fara da kaka, ana ɗaurin gero. Mutumin da ke ɗaukar dami a ka yana waƙa, sai na ga ya fara zama a inuwa yana haki. Na yi masa tsiya, na ce tsufa ne ya zo ba sallama. Mako bai zagayo ba abinci ya fita ransa, ko ƙamshin miya ba ya so. Daga nan idonsa ya koma rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. Kowa ya ce shawara ce, kuma kowa ya zama likita. Wannan ta kawo saiwar rawaya, waccan sassaƙe, Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ce a hana shi mai da gishiri a ɗura masa tsamiya. Duk mun jiƙa mun ba shi. A likitar garinmu, wato ƙaramin asibiti, majo mai duba marasa lafiya ya ba shi maganin zazzaɓi, ya ce mu tafi birni a auna jini, kada mu ɓata lokaci. Muka ce bari a sayar da gyaɗa tukuna, don a lokacin ba ta yi daraja ba.

Cikin wannan jiran Yaya Idi ya zo. Rana ta take, ƙafarsa furu-furu, ya zauna bakin tabarmar ƙanensa ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ciro ƴar gora daga aljihun riga.

"Nomau, ga wanga ka sha," in ji shi. "Ni nir rubuta shi da hannuna, ban ba wani ba. Na san ba hanyarku ba ta, amma ni abin da nika da shi ke nan."

Nomau ya dube ni. Na sunkuyar da kai, don ni ma na san dokar ikilisiyarmu: ba ma shan rubutu, ba ma ɗaura laya. Amma wa zai dubi idon tsohon nan ya ture masa hannu? Nomau ya karɓa da hannu biyu ya shanye. Gorar tana hannunsa, bakinsa da baƙin tawada, sai ga sallamar Baba Barnaba, babban dattijon ikilisiyarmu, ya zo dubiya.

"Mi na wanga, Nomau?"

"Rubutu na, Baba."

Bai ɓoye ba, ba halinsa ba ne. Baba Barnaba ya gaisa da Yaya Idi da mutunci, ya yi mana sannu da jiki, ya fita ko zama bai yi ba. Yaya Idi bai fahimci komai ba, ya koma gida ransa fari.

Dattawa suka zauna, aka sa Nomau a horo. Ga wanda bai san mu ba, horo shi ne a sanar da laifinka gaban jama'a, a mai da kai bencin baya kusa da ƙofa. Ba ka ta da waƙa, ba ka cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa sau ɗaya a wata. Kuma a wurinmu, wanda ya mutu cikin horo ba a yi masa sujadar biso, ba waƙa, ba wa'azi, a haƙa a rufe kawai. Kafin a ɗage, sai ka tsaya da ƙafarka gaban jama'a, ka ambaci abin da ka yi, ka ce aikin duhu ne ka ƙi shi. Baba Barnaba ya ce idan aka kau da kai ga Nomau, gobe ba su da bakin yi wa matasa magana. Ban ce ba shi da hujja ba.

Lahadin nan Nomau ya lallaɓa ya je, ya zauna a baya shi kaɗai. Fastonmu matashi ne, bai daɗe da gama karatu ba, yana da kirki amma yana shakkar dattawa. Ya yi wa'azi kan tsarkin Allah da hukuncinsa, ya ce Allah ba ya wasa da zunubi, kuma mai raba zuciyarsa biyu ya shirya ganin sakamako. Bai kama suna ba, amma wuyan kowa sai da ya juya. Ya kawo zancen jinƙai a ƙarshe, lokacin da yara suka fara kuka mata suna gyara goyo, babu wanda ya ji shi sosai.

Sai ciwon ya tsananta. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ciki ya fara tashi, sauran jikin yana tsotsewa. Kun san mutane. Aka haɗa wa'azin da cikin, aka ce ga shi nan, hannun Ubangiji ya sauko. A bakin rijiya na ji wata tana gaya wa ƴarta ta ga abin da rubutu ke yi wa mai bi. Na sauke tuluna na tambaye ta, ita wane zunubi ta yi da haƙoranta suka zube? Mun daɗe ba ma gaisawa.

Muka sayar da gyaɗar yadda ta kama, muka tafi wani asibiti a birni. Wanda bai yi layin asibiti da marar lafiya ba bai san gajiya ba. Ka bi layi ka biya, ka bi layi a ɗebi jini, a ce ka dawo gobe, goben a ce mai hoton ciki bai zo ba. Nomau ba ya iya zama, sai in shimfiɗa masa zanena a baranda in tsaya masa a layi, ina waigensa. Kowace ordonas, takardar sayen magani, aka miƙo mini sai gabana ya faɗi. Awakina suka tafi ɗaya bayan ɗaya, har da wadda na ce ba zan taɓa sayarwa ba. Duk da haka akwai wata ma'aikaciya da ban san sunanta ba, ita ta riƙe ni ranar da aka fara zuƙe masa ruwa daga ciki na ga jiri. Allah ya saka mata.

Likitan da ya duba hoton bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce ciwon hanta ne, sunansa epatit, kalmar ta zauna mini a kai har yau. Ya ce hantar ta taurare, ciwon ya shekara da shekaru yana cin ta a ɓoye, wataƙila ma tun yana yaro. Na tambaye shi ko shan rubutu sau ɗaya zai kawo wannan. Ya dube ni ya ce a'a, amma jiƙe-jiƙen da muka yi ta ɗura masa sun ƙara wa hantar nauyi. Ya ce a auna ni da yara. Sai ya rage murya ya ce mu koma gida, mu riƙa ba shi abin da ransa ke so. Na gane abin da yake nufi.

A mota muna dawowa, ba mutuwar kaɗai nake tunani ba. Musulmi ba za su sallaci Nomau ba, don ba nasu ba ne. Namu kuma ba za su yi masa waƙa ba, don yana horo. Mutumin da ya ta da waƙa a kan kabarin kowa a garin nan, za a rufe shi shiru. Wannan ne ya hana ni cin abinci.

Kada in ci haƙƙin ikilisiya. Zumuntar mata ba su bar ni na daka gero ba har aka gama. Matasa suka kwashe mana kara daga gona. Baba Barnaba da kansa ya aiko da dami daga rumbunsa, ba sau ɗaya ba. Mutanen da suka ajiye shi a bencin baya su ne suka ciyar da mu, kuma har yau na rasa yadda zan haɗa biyun a raina.

Fasto kan zo ya yi addu'a. Wata rana na tare shi a zaure na ce, "Fasto, ni ban yi lakol ba, ban san boko ba, amma ka gaya mani. Jinƙan nan da kuka ce Allah na da shi, ina ya maƙale bai iso gidan ga ba?"

Ya ce, "Mama, horo ba kora ba ce, don a dawo da mutum ake yin sa. Idan Allah ba ya hukunta mugunta, wanda aka zalunta ina zai kai kukansa? Idan kuma ba ya jinƙai, wa zai tsira cikinmu? Duka biyun nasa ne, ba mu da ikon ɗaukar ɗaya mu bar ɗaya."

"Na ji," na ce. "Tau wa Nomau ya zalunta?"

Sai ya ce shi bai yarda ciwon hukunci ba ne. Na ce to ya faɗa inda ya faɗi wancan. Ya kuwa faɗa, Lahadin da ta biyo, ya gaya wa jama'a abin da likita ya ce, ya hana su danganta ciwo da zunubi. Na gode masa da wannan. Ya kuma roƙi dattawa su bar shi ya kawo wa Nomau Jibi a gida, suka ce laifin da aka sanar gaban jama'a, gaban jama'a ake warware shi.

Sai na koma kan Nomau. A lokacin ya daina tashi, ni ke juya shi, ni ke goge masa jiki, kunu ma sai da cokali. Na ce ya faɗi maganar nan a huta, kalma nawa ce?

"Rahila," in ji shi, "na taka doka, kuma zan hwaɗi gaban kowa. Amma in ce abin da Yaya ya rubuta da hannunai aikin duhu na? Kahin la'asar magana ta kai Sae Sabuwa. Mutumen da yag goya ni ba ni da uwa. Allah shi ka hukunci, shi ya san abin da nis sha, ya san abin da ka cikin raina."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai za ka tahi ka huta, ni za a bari da gawa ba mai waƙa ba mai salla!" Haka na faɗa wa mutumin da ke kwance. Ya juya fuska bango, ni kuma na fita bayan ɗaki na yi kukana. Na gaji da shi, na gaji da dattawa, na gaji da addu'ar ma.

Cikin makon nan Yaya Idi ya dawo, wannan karon da ƴar jakarsa, ya ce ya zo taya ni jinya. Ya kuwa taya. Shi ya karɓi ɗagawa da juyawa, ya riƙa murza wa ƙanensa ƙafa da man shanu, bai ƙara kawo zancen rubutu ba. Wata hantsi muna shanya tabarma sai ya tambaye ni, "Wai ƙanwata, abin nan da kuka ci a majami'a, ba a kawo ma marar lahiya gida? Na ga har yau ba a kawo mashi ba."

Nomau ya hana ni gaya masa. Amma ranar bakina ya riga ni. Na zazzage masa komai, bencin baya, bakin rijiya, bison da ba waƙa, da kalmar da ƙanensa ya ƙi faɗa saboda shi. Ban tausasa ko ɗaya ba, so nake ya ji zafin da nake ji. Tsohon nan ya tsaya da tabarma a hannu. Ya ajiye, ya ɗauki butarsa ya yi waje. Bayan azahar ya dawo ya ce, "Yaushe na ranar cin abin?" Na ce Lahadi mai zuwa.

Ranar Lahadi da safe ya aro amalanke da jakin maƙwabci, ya ɗora katifa, ya ɗauko Nomau ya kwantar. Na ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Nomau ya ce a tafi. Majami'ar ba ta da nisa, amma hanyar duk kwari ce, kowane gargada sai ya yi nishi, ni kuma ina biye ina riƙe masa kai. Yaya Idi yana jan jakin a hankali yana ba shi haƙuri, ban san ko jakin yake ba ko ƙanensa ba.

Muka iske ana waƙa. Yaya Idi ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, abin da mu ba ma yi, ya rungumo ƙanensa ya shiga. Waƙar ta mutu a bakin mutane. Ya wuce bencin baya, ya bi tsakiya har gaba, ya tsayar da Nomau da ƙafafunsa, ya tallabe shi ta hammata.

"Fasto, gahwara, ni baƙo na a nan," in ji shi. "An ce sai ya tsaya. Tau ga shi tsaye." Sai ya kai baki kunnen ƙanensa, amma kowa ya ji. "Hwaɗi dut abin da sunka ce ka hwaɗi. Na yahe tun ba ka buɗe baki ba. Kada ka tahi da nauyi sabili da ni."

Muryar Nomau da kyar take fita. "Na sha rubutu. Na san dokarmu, na taka ta. Ku gahwarta mani."

Ya tsaya nan. Yaya Idi ya girgiza shi kaɗan ya ce, "Ida mana." Nomau ya kaɗa kai alamar a'a. Daga bencin dattawa Baba Barnaba ya ce, "Fasto, da saura."

Na dubi Fasto, gumi na bin wuyansa. Har na ce a raina shi ke nan, an ja mutum a banza. Sannan ya ce, "Baba, na ji. Amma ni ba zan nemi sauran ba. Mun sa horo don ya dawo, ga shi ya dawo, a hannun da ba mu zata ba. Kowace Lahadi muna cewa hukuncin da ya cancance mu Ubangiji ya ɗauke shi a kan gicciye. In gaskiya muke faɗa, ban ga abin da ya rage mu ƙwata daga bakin mutumin nan ba. In kuskure nake yi, a kaina ne." Ya juya ga jama'a ya tambaye su ko sun gafarta. Mata suka riga maza amsawa, har da ta bakin rijiya.

Baba Barnaba bai amsa ba. Amma shi ne mai rarraba Jibi a majami'armu, babu wani. Ya tashi a hankali ya ɗauko farantin, ya zo gaban Nomau. Nomau ya kasa haɗiye gurasar, ta tsaya masa a baki. Baba Barnaba ya gutsuri wata ƴar ƙarama, ya tsoma a ƙoƙon ta yi laushi, ya sa masa da hannunsa. Yaya Idi ya kau da fuskarsa ya dubi bango, amma bai saki ƙanensa ba har aka gama.

Nomau bai ga wata Lahadi ba. Tun da muka dawo ya fara aman jini, daga nan ya daina gane mutane, ya tafi da rana tsaka kansa a cinyar wansa. Ban sani ba ko amalanken nan ya rage masa kwana. Likita ba ya nan balle in tambaya, kuma ban tabbata ina son jin amsar ba. Abin da na sani, bai kamata sai an ja mai mutuwa a amalanken jaki kafin a ce masa an gafarta ba. Na gode wa ikilisiyarmu, kuma wannan ƙorafin ina riƙe da shi.

Ku da kuke karantawa, idan idon naku ya yi rawaya kada ku jira kasuwar gyaɗa, kada ku cika shi da jiƙo, ku je a auna jini, a auna har da yara. Ku masu wa'azi kuma, ku san mutane suna ɗaukar maganarku su tafi da ita bakin rijiya. Idan za ku faɗi hukunci, ku faɗi jinƙai tun kunnuwa na buɗe.

An yi masa biso da waƙa. Yaya Idi da mutanensa su suka haƙa kabarin, suka ja gefe suka tsaya har muka gama, sannan suka zo aka rufe tare.

Baba Barnaba bai zo gaisuwa cikin taro ba. Sai da gida ya yi shiru ya zo shi kaɗai da sandarsa, ya zauna a zaure. Na gaishe shi sama-sama, don raina bai huce ba. Ya daɗe yana zana ƙasa da bakin sanda.

"Rahila," in ji shi, "na tsufa bisa hanyar ga. Shekarun baya na yi ciwo har anka hidda rai da ni. Ƴan'uwana Musulmi na nan da ransu, ƙauyen ga na gaba, uwa ɗaya uba ɗaya. Babu wanda yak kawo mani ko rubutun da zan ce ban sha."

Ya dafa sandarsa ya tashi. Na raka shi har ƙofar gida.